Ƙirgar Gadajen Mutanen Daji a Kalimantan

12 ga Yuni, 2023, Pangkalan Bun

Takardar izinin shiga daji ta fito yau da hantsi, bayan kwana tara ina jeka-ka-dawo da hotuna da kwafin fasfo. Alhamdu lillahi. Daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya, don kada in koma jami'a da alƙaluma zalla in manta yadda aka same su.

Abin da ya kawo ni shi ne ƙirga wuraren kwanan birin orangutan a wurare uku da ke gefen gandun dajin Tanjung Puting, a kudancin tsibirin Borneo, ɓangaren Indunusiya da ake kira Kalimantan ta Tsakiya. Wuri na farko tsohon daji ne da wuta ba ta taɓa ci ba. Na biyu ya ƙone a gobarar 2015, mutanen ƙauye suka sake dasa shi. Na uku wani siririn daji ne da ya rage tsakanin kogi da gonar kwakwar manja. Tambayar guda ce: idan daji ya ƙone aka sake dasawa, birin yana dawowa ya kwana a ciki, ko ratsawa kawai yake yi? Wata shida aka ba ni.

A harshen Malay, orang mutum ne, hutan kuma daji. Mutumin daji ke nan. A garin nan kuwa, da ka ambaci sunansa, direban tasi ko mai sayar da shinkafa zai tambaye ka ko ka ga Ibu, wato Uwa. Farfesa Biruté Galdikas suke nufi, matar da ta shahara da nazarin orangutan a dajin nan. Na ce ban gan ta ba, a takarda kawai na san ta.

17 ga Yuni

Mun tashi daga tashar ruwa ta Kumai a jirgin katako da suke kira klotok, sunan da ya samo daga ƙarar injinsa. Kogin Sekonyer ruwan kunu ne, saboda masu haƙar zinariya da ke can sama suna dama shi. Sai da muka karya kwana muka shiga reshen da ke kai wa Camp Leakey ruwan ya koma baƙi wuluk kamar shayin da ba a sa wa madara ba, ga shi garau, kana ganin inuwar itatuwa a ciki. Ruɓaɓɓen ganye ne ke rina shi. Da yamma birai masu dogon hanci, bekantan, suka cika rassan bakin kogi.

Nan Galdikas ta sauka a watan Nuwamba na 1971, tana da shekara 25, ita da mijinta na lokacin, Rod Brindamour. A Jamus aka haife ta a 1946, iyayenta 'yan Lithuania, ta tashi a Kanada, ta yi karatu a Los Angeles. Can ta tari Louis Leakey, masanin asalin ɗan Adam, a 1969 bayan ya gama lacca, ta ce masa tana so ta yi nazarin orangutan. Shi ne dama ya tura Jane Goodall wajen birran cimfanzi a Gombe ta Tanzaniya a 1960, ya kuma tura Dian Fossey wajen gwaggon birin tsaunuka. Malamai da yawa na ganin aikin orangutan ba zai yiwu ba: dabba ce mai zaman kaɗaici, a ƙwanƙolin itace, cikin fadamar da ruwa ke kai wa mutum ƙugu. Ta shekara biyu da wani abu tana jiran kuɗin tafiya. Da ta iso, bukkar ɓawon itace ta samu, ta raɗa wa wurin sunan malamin nata.

Yau akwai doguwar gadar katako daga bakin ruwa, akwai ɗakin baje hotuna, akwai 'yan yawon buɗe ido da kyamarori masu tsawon hannu. Ƙarfe biyu na rana ma'aikata suka zuba ayaba a kan wani dandamali, suka yi kira. Wata uwa ta sauko da ɗa manne a kwiɓinta, ta cika baki da ayaba, ta cika hannu, ta hau abinta. Mutane suna ta ɗaukar hoto. Na ɗauka ni ma, amma jagorana ya ja ni gefe ya ce: "Mas, waɗannan 'yan gida ne. Na daji ba za su zo maka haka ba."

Pak nake ce masa, wato Baba, shi kuma yana ce mini Mas, kamar a ce ɗan'uwa. Ya haura hamsin, gajere, ba ya rabuwa da adda da taba mai ƙamshin kanumfari.

29 ga Yuni, Kumai

Sallar layya. Gida sun yi jiya, nan gwamnati ta ce yau, ko da yake 'yan ƙungiyar Musulunci ta Muhammadiyya sun yi tun jiya. Shanu da awaki suka fi yankawa, ban ga rago ko ɗaya a unguwar da na sauka ba. Matar Pak ta aiko mini da tsire irin nasu da miyar gyaɗa mai zaƙi. Na yi kewar yaji. Ba aiki yau.

8 ga Yuli, sansani

Mun gama share layuka goma sha biyu, huɗu a kowane wuri, kowane layi kilomita ɗaya. A bakin mai faɗa abu ne mai sauƙi. A fadama, kilomita ɗaya na cin wuni guda. Ƙasar ba ƙasa ba ce, gambut suke ce mata: ganye da saiwa da kututture da suka shekara dubbai suna taruwa cikin ruwa ba su gama ruɓewa ba. Ka taka nan ta ɗauke ka, ka taka can ka nutse har cinya. Matsattsaku kuwa, na daina ƙirga su tun rana ta biyu.

Me ya sa muke ƙirga wurin kwana maimakon birin kansa? Domin ba ka ganinsa. Amma kusan kowace yamma babban orangutan yana yin sabon makwanci: ya tanƙwaro rassa, ya saƙa su, ya shimfiɗa ganye, wani lokaci har da matashi, in ana ruwa ya yi rufi. Mutanen nan suna cewa sarang, kalmar da suke kiran sheƙar tsuntsu da ita. Ni dai bakina ya ƙi cewa sheƙa. Abin da aka yi wa katifa da matashi ai gado ne.

Pak ya koya mini rabe su. Na farko ganyensa kore shar, kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci ƙasansa na warin fitsari. Na biyu ganyen ya yi ja amma gadon na nan daram. Na uku ya fara hujewa, kana hango sama ta cikinsa. Na huɗu tsinke ne kawai. Sau uku ina nuna masa gado da murna yana girgiza kai: ɗaya na kurege ne, biyu tarin busasshen ganye ne da reshe ya tare. Wuyana ya sage saboda ɗaga kai.

Abincinmu shinkafa, busasshen kifi da Indomie. Da na gaya wa Pak cewa yara a Kano sun ɗauka Indomie tasu ce, dariya ya yi har taba ta shaƙe shi.

23 ga Yuli

Yau na ga na daji.

Muna layi na uku a tsohon daji, wajen ƙarfe huɗu, sai ɓawon 'ya'yan itace ya fara zubo mana. Pak ya ɗaga hannu. Can sama wata mace ce, gashinta ja kamar jan ƙasa, da ɗanta da ya ɗan tasa. Ta dube mu, ta tsuke leɓe ta yi wata ƙara kamar tsaki mai tsawo, ta karyo busasshen reshe ta sako mana. Ba kuskure a saƙon: ku bar nan. Muka ja baya muka zauna a kan saiwa. Bayan kamar rabin awa ta manta da mu. Na ga yadda take ƙetarawa daga itace zuwa itace, ba tsalle, lilo take yi da nauyinta har itacen ya rusuna ta kamo na gaba, sannan ta miƙe jikinta ya zama gada ɗan ya bi ta kai. Dab da magariba ta yi gado a gabanmu. Na duba agogo, bai kai minti goma ba.

Da dare na kasa barci, ina ta lissafi. Abin da Galdikas ta fi shahara da shi a wajen masana shi ne tazarar haihuwa: a dajin nan, macen orangutan tana haihuwa kusan sau ɗaya a shekara takwas. Ba wata dabbar tudu mai shayarwa da ta kai ta jinkiri. Ba ta fara haihuwa sai ta kai wajen shekara goma sha biyar. Ɗan yana tare da ita shekara bakwai ko takwas yana koyon wane itace ke nuna a wane wata, wane ɓawo ake ci idan 'ya'yan itace sun yanke, yadda ake fasa gidan gara. An rubuta abinci fiye da iri 400 da suke ci a Tanjung Puting. To, ta yaya mutum zai gano tazarar shekara takwas? Sai ya ga haihuwa, ya jira ta biyu, ya jira ta uku, a kan uwaye da yawa. Digirinta na uku ma sai 1978 ta kammala shi. Ni kuma da wata shidana nake ƙorafin matsattsaku.

Wannan lissafin ne kuma ke sa kashe uwa guda ya zama babbar asara. Wadda a duk rayuwarta 'ya'ya huɗu ko biyar za ta haifa, ba ta da rarar da za a ɗiba.

6 ga Agusta

Mako guda a siririn dajin da ke jikin gonar manja. Gadaje sun fi yawa a nan fiye da tsohon daji, har na fara murna. Pak ya ce in bar murna: ba yawa suka yi ba, matsewa suka yi. An share inda suke, suka taru a abin da ya rage. Idan yunwa ta kore su suka shiga gona, suna fizge zuciyar ƙananan kwakwa su cinye, mai gona kuma ya ɗauke su ɓarayi. Daga nan ake samun marayu. Ba a ƙwace ɗan orangutan daga uwarsa tana da rai. Dokar ƙasar ta 1990 ta hana kashe su ko ajiye su a gida, da ɗaurin da ya kai shekara biyar, amma daji na da faɗi.

Na tsaya a kan iyaka, dama daji mai hayaniyar tsuntsaye, hagu layukan kwakwa har iyakar gani, tsit. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne itacen nan namu ne. Asalin kwakwar manja Afirka ta Yamma ne. A 1848 Turawan Holan suka dasa guda huɗu a lambun Bogor da ke Java, aka fara gonar kasuwanci a Sumatra a 1911, a Malaya kuma a 1917. Saboda haka labarin da muke yawan ji a gida, wai Malesiya ta zo Najeriya bayan samun 'yanci ta ɗebi iri sannan ta fara, bai zauna daidai ba, sun riga sun daɗe da gonakinsu. Gaskiyar da ke ciki ita ce a farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya, yau kuwa Indunusiya da Malesiya ke samar da fiye da kashi 80 cikin ɗari.

Ba na cikin masu tsine wa manja. Hekta ɗaya ta kwakwa tana ba da man da waken suya zai buƙaci hekta da yawa kafin ya bayar. Ƙanen Pak da kuɗin kwakwa ya kai 'yarsa makarantar koyon jinya. Matsalar inda ake dasa ta ne, da wanda ke sa hannu a takardar fili.

Shi kansa Pak, daren jiya ya gaya mini da bakinsa, yankan katako ya yi a cikin gandun nan bayan faɗuwar shugaban ƙasa Suharto a 1998, lokacin da doka ta yi sako-sako, ana fitar da itacen da suke kira ramin ta kogi dare da rana. "Mas, ni na san inda manyan itatuwa suke, domin ni na kayar da 'yan'uwansu." Ya faɗa ba tare da neman a tausaya masa ba.

19 ga Agusta

Ranar orangutan ta duniya. Mun fito gari sayen batir da shinkafa, tutocin bikin 'yancin kai na 17 ga wata ba a ma sauke su ba. Na zauna da wasu ɗalibai 'yan ƙasar, hira ta kai mu kan Ibu, muka raba gari.

Wata ɗaliba ta zayyano laifuffukan da masana ke ɗora mata. Tun farkon zuwanta ta fara karɓar marayun da aka ƙwato daga hannun masu ajiye su, na farko Sugito, wanda ya manne mata dare da rana. Ta sake su a Camp Leakey, cikin dajin da na daji ke zaune. Ana tsoron cutar mutane ta bi su, ana tsoron su yi gasar abinci da masu gida. A 1995 gwamnati ta hana sakin irin waɗannan a inda na daji suke. Wani bincike na 2016, wanda ita kanta tana cikin marubutansa, ya nuna cewa wasu mata biyu da aka saki can asalinsu daga wani yanki ne na Borneo, jininsu ya gauraya da na nan. Sannan ga batun cewa ba ta wallafa sakamako da yawa ba idan aka kwatanta da shekarun da ta yi.

Ban musa ko ɗaya ba. Abin da na ce shi ne a duba taswira. Tanjung Puting ya haura murabba'in kilomita 4,000, kore, teku ta gefe ɗaya, gonaki ta ɗayan, kamar tsibiri. Da ta zo ba cikakken gandun ƙasa ba ne, sai a shekarun 1980 ya zama. Hotonta da marayu a bangon mujallar National Geographic ta Oktoba 1975 ne ya sa duniya ta san akwai wurin. A 1986 ta kafa Orangutan Foundation International, a 1998 aka buɗe gidan rainon marayu a Pasir Panjang kusa da garin nan, inda ɗaruruwa ke zaune, mutanen ƙauyen kuma suka samu aiki. Gidauniyar tana sayen daji don kada a sayar wa masu gona. Ta auri wani manomi ɗan ƙabilar Dayak ta Borneo, ta karɓi takardar zama 'yar ƙasa, gwamnatin Indunusiya ta ba ta lambar yabo ta kare muhalli, Kalpataru, a 1997. Ana iya yin gardama kan dandamalin ayaba har gobe. Ni a ganina babban aikinta shi ne ƙin tashi. Mai yankan katako da mai neman fili sun san akwai idon da ba ya tafiya hutu ya ƙi dawowa.

Ɗalibar ta ce wannan siyasa ce, ba kimiyya ba. Na ce na yarda. Ta biya kuɗin shayi duk da haka.

10 ga Satumba

Zagaye na uku ya kammala. Labari mai daɗi: gadaje biyu sababbi a dajin da aka sake dasawa, layi na biyu, duka a kan belangeran, itacen da aka fi dasawa a fadamar da ta ƙone saboda yana jure rana da ambaliya. Itatuwan shekararsu bakwai kacal. Pak ya daɗe yana kallonsu, shi ya dasa wasu daga ciki. Gado biyu ba su isa a rubuta komai a kansu ba, na sani. Na ɗaura musu jan ƙyalle na ɗauki lambar GPS.

Matsalar lissafina ta fito fili. Don a mayar da yawan gadaje ya zama yawan birai, sai an san kwana nawa gado ke yi kafin ya ruɓe ya ɓace, kuma wannan yana bambanta daga daji zuwa daji, wani wata kaɗan, wani ya haura shekara. In na ari alƙaluman wani wuri, sakamakon zai iya ninkawa ko ya rabe biyu. Shi ya sa nake bin sababbin gadaje talatin da ɗaya da na yi wa alama, in ga ƙarshensu. Ba ɗaya da ya ɓace tukuna. Na rubuta wa malamina cewa wata shida ba za su isa ba.

Ruwa ya ɗauke tun watan jiya. Shekarar El Nino ce, sauyin yanayin teku da ke kawo fari a yankin nan. Inda na nutse har cinya a Yuli, yau ƙura ke tashi.

2 ga Oktoba

Mako uku ban rubuta komai ba.

Hayaƙi ya fara kamar hazon hunturu a gida, sai dai wannan yana da wari, yana cin ido, rana ta koma kamar ƙwallon manja. Daga baya wuta ta shigo dajin dashe ta gabas. Ba wanda ya san wanda ya kunna. Wutar gambut ba irin wutar dajin da na sani ba ce. Ƙarƙashin ƙasa take ci. Ka kashe nan, ta ɓullo bayanka taku ashirin, itace yana tsaye kore sai ka ga ya kife domin saiwarsa ta cinye. Mun bi 'yan kwana-kwanan daji da matasan ƙauye, muna jan tiyo daga rijiyar burtsatse, muna cusa bakinsa cikin ƙasa har ta zama taɓo. Ni dai ɗaukar tiyo da rabon ruwan sha aka ba ni, kuma daidai ne.

Fadama mai ruwa ba ta ci da wuta. Sai an yanka mata magudana an tsotse ta. Gabas da nan, wajen Palangka Raya, gwamnatin Suharto ta ƙaddamar da shirin mayar da hekta miliyan ɗaya ta gambut gonar shinkafa a tsakiyar shekarun 1990, aka haƙa magudanai na dubban kilomita, shinkafa ba ta yi ba, sai gobarar 1997 ta samu busasshen makamashi. A 2015 hekta miliyan 2.6 ta ƙone a faɗin ƙasar. A nan ma magudanar da ke gefen dajin dashe, wadda aka haƙa tun zamanin fitar da katako, ita ta shanye shi.

Layi na biyu da na uku sun tafi. Na je inda jan ƙyallen yake da GPS a hannu, na'urar ta ce na iso, ba abin da ke wurin sai toka mai ɗumi. Ba mu ga gawar biri ba. Pak ya ce manya suna gudu tun hayaƙi na nesa, sai dai inda za su gudu ne ke ƙanƙancewa.

Tari ya hana ni barci. An ce in fita gari kwana biyu.

6 ga Nuwamba

Ruwa ya sauko sosai, wuta ta mutu. A watan nan Camp Leakey ke cika shekara 52.

Malamina ya amince da ƙarin wata shida, kuɗin ne bai amince ba tukuna. Tambayar aikin ma ta sauya, yanzu wurare huɗu gare ni: tsohon daji, siririn daji, dashen da ya tsira, da dashen da ya ƙone sau biyu. Daga gadaje talatin da ɗaya da nake bi, shida sun ƙone, huɗu sun ruɓe da kansu, ashirin da ɗaya na nan.

Zagayen wannan makon bai nuna sabon gado ko ɗaya a dashen da ya tsira ba. A siririn daji kuwa sun ƙaru, kuma shekaranjiya da asuba muka ji kiran babban namiji daga can, irin kiran da ke ratsa fiye da kilomita, yana farawa kamar gurnani ya ƙare da nishi. Da can ba mu taɓa jin namiji a wurin ba. Na sanar da ma'aikatan kula da namun daji, domin gonar manja na dab da shi.

Mutanen ƙauye sun yanke shawarar toshe magudanar kafin su sake dasa komai, da turakun katako da buhunan ƙasa, a wuri uku. Na ce zan auna zurfin ruwan ƙasa kafin toshewa da bayanta, don haka gobe zan sayo bututun roba guda goma sha biyu a Kumai. Pak da matarsa sun fara cika ledoji da ƙasa a bayan gida don rainon belangeran. Ya ce in zo ranar Juma'a bayan masallaci in taya su, in kuma taho da takalmin roba na kirki, wancan ya huje.